ƘWAYAR ZINARIYAR DA KE TONA ASIRIN DALMA A JININ YARA

Daga Wakilinmu

A farkon shekarar 2010 mutanen waɗansu ƙauyuka na Jihar Zamfara suka lura agwaginsu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci, domin mutuwar kaji da agwagi ba baƙon abu ba ne ga mutumin karkara. Ba a jima ba sai ciwo ya faɗa wa ƙananan yara. Yaro ya fara da amai da ciwon ciki, sa'an nan taune-taune, daga nan ya suma, kafin kwana biyu ko uku sai a ɗauke shi zuwa makwanci. Aka yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba da magani, bai yi ba. Aka yi zaton sanƙarau ne, nan ma haka.

Cikin watan Maris na wannan shekara ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, waɗanda suka shiga yankin domin sa ido a kan sanƙarau, suka ga sababbin kaburburan yara sun yi yawa fiye da kima. Da aka aika da jinin waɗansu yaran Turai aka auna, sai ga amsa: gubar dalma ce. Mazan ƙauyukan suna haƙo dutse mai zinariya, su kawo shi cikin gari, a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙa, a shanya a tsakar gida. Ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙurarsa ta bi ƙasa, ta bi kwanon abinci, ta bi hannun yaro mai rarrafe zuwa bakinsa. Dareta, Abare, Bagega da Yargalma, cikin Ƙananan Hukumomin Anka da Bukkuyum, suna cikin garuruwan da abin ya fi shafa. Yara fiye da 400 suka rasu.

To, sanin sunan ciwo daban, sanin wane yaro ne ke bakin mutuwa daban. Ba shi yiwuwa a riƙa kwasar jinin dubban yara ana kai wa Turai ana jiran amsa mako da makonni. Abin da ya fid da likitoci daga wannan ƙangi wata 'yar na'ura ce wadda ba ta fi ƙaramar rediyo girma ba, mai aiki da batir, ana kiranta LeadCare II. Ɗigon jini take bukata, cikin minti 3 ta ba da amsa. Abin mamaki kuwa, mai karatu, shi ne abin da ke cikinta mai kamo dalmar: zinariya ce, amma an farfasa ta ƙwaya-ƙwaya har ido ba ya iya ganinta. Wannan fanni na ilmi, watau amfani da ƙananan ƙwayoyi cikin na'urorin awo masu aiki da lantarki, shi ne za mu duba a wannan mako.

MENE NE NANO?

Ɗauki rular ɗan makaranta ka dubi tazarar da ke tsakanin ƙananan zane biyu. Wannan ita ce milimita ɗaya. Idan aka raba ta gida miliyan ɗaya, kashi guda shi ake kira nanomita. Kaurin silin gashin kan mutum ya kai wajen nanomita 80,000. Duk abin da girmansa ya faɗa tsakanin nanomita 1 zuwa 100, masana kimiyya suna sa shi cikin jinsin nan da suke kira nano.

Mai karatu zai ce, to mene ne amfanin ƙanƙanta abu har haka? Matan gida sun riga malaman jami'a sanin amsar. Dunƙulen kanwa yakan daɗe cikin ruwa bai narke ba, amma in an daka shi ya zama gari, nan da nan sai ya bi ruwa. Dalili shi ne ruwa ba ya taɓa cikin dunƙule, bayansa kaɗai yake lasa. Yawan farfasawa, yawan fuskar da ruwa zai samu.

Ga lissafin. Ƙwayar sukari mai santimita ɗaya ta kowane gefe, in an haɗa fuskokinta shida, faɗinsu bai wuce kan sarki na wasiƙa ba. Amma da za a yanyanka ta zuwa ƙwayoyi masu nanomita ɗaya ɗaya, fuskokinsu gaba ɗaya za su kai murabba'in mita 6,000, watau kusan filin ƙwallon ƙafa. Nauyi bai ƙaru ba, abu bai sake ba, fuska ce ta yawaita. Na'urar awo kuwa da fuska take aiki, domin a kan fuska ne abin da ake nema yake sauka.

Akwai kuma wani abu. In abu ya ƙanƙance haka, halinsa yakan canja. Zinariya rawaya ce, kowa ya sani. Amma a shekarar 1857 wani masani na Ingila, Michael Faraday, ya haɗa ruwa mai ɗauke da ɓarɓashin zinariya, sai ruwan ya fito ja wur kamar zoɓo. Kwalabensa suna nan ajiye a London har yau. Irin wannan jar zinariya ce ke fito da jan layi a yawancin 'yan sandunan gwajin zazzaɓin cizon sauro da na gwajin juna biyu da ake sayarwa a kemis. Sai dai waɗannan da ido ake karanta su. Waɗanda muke magana a kansu da lantarki ake karantawa.

YADDA LANTARKI KE SANSANO GUBA

Kowane abu na duniya, da dalma da sukari da gishiri, yana ɗauke da waɗansu ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilaktiron. In abu biyu suka gamu suka sake kama, sau da yawa ɗaya ne yake miƙa wa ɗaya ilaktiron. Gudun ilaktiron cikin waya kuwa shi ne wutar lantarki. Saboda haka in aka shirya yadda wannan miƙe-miƙe zai auku a bisa wani ɗan ƙarfe da aka jona da ma'auni, ana iya ƙirga lantarkin da ya wuce, daga nan a san yawan abin da ke cikin ruwan ko cikin jinin. Ɗan ƙarfen nan shi ake kira ilaktirod.

Wani masani na ƙasar Cekoslobakiya, Jaroslav Heyrovsky, shi ya buɗe wannan hanya a shekarar 1922, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1959. Shi da zaiba ya yi aiki, tana ɗiga daga bakin siririn bututun gilashi, kowane ɗigo ya zama sabon ilaktirod. Shekaru da yawa zaiba ce sarauniyar wannan fage, musamman wajen auna dalma. Amma zaiba ita kanta guba ce, ruwa-ruwa ce, ba ta ɗaukuwa cikin jaka zuwa ƙauye. Dole aka shiga neman abin da zai maye gurbinta.

Ga yadda na'urar da aka kai Zamfara take yi. Ma'aikaci zai ɗebi jini kaɗan, kashi ɗaya bisa ashirin na mililita, ya zuba cikin ɗan bututu mai ruwan asid marar ƙarfi. Asid ɗin ya fasa jajayen ƙwayoyin jini, inda dalma take ɓuya, ya sako ta. Sa'an nan a ɗiga wannan haɗi a kan wani ɗan falle mai kama da tikitin mota, wanda aka buga wa ilaktirod mai ɓarɓashin zinariya, a zura shi cikin na'ura. Na'ura ta saki lantarki ta fuska ɗaya, dalma ta taso daga ruwan ta manne a jikin ƙwayoyin zinariya, kamar yadda farin ɗango ke taruwa a kan karan gero. Bayan ɗan lokaci sai na'ura ta juya lantarkin. Dalmar da ta taru ta saki gaba ɗaya ta koma ruwa, tana barin ilaktiron a baya. Na'ura ta ƙirga su, ta rubuta lamba. Kowane ƙarfe yana da matakin ƙarfin lantarkin da yake saki a kai, da haka ake bambanta dalma da jan ƙarfe ko wani abu.

Amfanin ɓarɓashin zinariya a nan a fili yake. Dalmar da ke cikin ɗigon jini kaɗan ce ƙwarai, in wurin saukarta ya yi ƙaranci ba za a tara abin da zai motsa ma'auni ba. Dubban ƙwayoyin zinariya a wuri ɗaya tamkar dubban ƙananan tarko ne, ga shi kuma zinariyar da aka kashe ba ta taka kara ta karya ba, har ana iya yar da fallen bayan gwaji ɗaya.

ABIN DA AWO YA NUNA

Ana auna dalmar jini da maikirogiram cikin desilita. Maikirogiram kashi ɗaya ne bisa miliyan na giram, desilita kuwa kashi ɗaya bisa goma na lita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma da za a ce ba shi da lahani ga yaro, kuma a ƙa'idar da ta fitar a 2021 ta nemi a binciki tushen gubar da zarar awo ya kai 5. In ya kai 45, likitoci sukan fara ba da maganin da ke kamo dalma ya fitar da ita ta fitsari.

A watan Mayu na 2010 ma'aikatan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, tare da jami'an lafiya na Nijeriya, suka bi gida gida a ƙauyuka biyu. Suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. Suka auna jinin yara 204. Babu ko ɗaya da bai kai 10 ba, 198 daga cikinsu kuwa sun kai 45 ko sun zarce.

A nan ne kuma aka ga iyakar na'urar. An ƙera ta ne domin yaran Amurka, inda tsohon fenti ne babban tushen dalma, saboda haka ba ta ƙirga abin da ya wuce 65. Yaran Zamfara da yawa sun wuce nan nesa, sai na'ura ta nuna cewa abin ya yi yawa, ba tare da lamba ba. Likita kuwa yana bukatar lamba domin ya san wanda zai fara ceto. Sai ma'aikata suka ɓullo da dabarar surka jinin yaro da wani jinin da aka tabbatar dalmarsa kaɗan ce, a auna, sa'an nan a riɓanya amsar. Da haka aka tantance dubban yara aka yi musu magani, aka kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje aka zuba sabuwa. Aikin Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai a 2013 ya samu, bayan an daɗe ana jiran Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗi. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

MASU CIWON SUKARI SUN RIGA KOWA

Wanda ke da mai ciwon sukari a gida ya riga ya san ƙanwar wannan na'ura. A shekarar 1962 wani Ba'amurke, Leland Clark, tare da abokin aikinsa Champ Lyons, suka kawo shawarar a shafa wa ilaktirod wani sinadari na halitta da ake kira enzayim, wanda ba ya taɓa komai cikin jini sai sukari. Na'urar farko da aka sayar bisa wannan dabara ta fito a 1975 daga kamfanin Yellow Springs na Amurka, amma ta ɗakin gwaji ce, sai a ɗora ta a tebur. A 1987 aka fitar da ExacTech, mai siffar alƙalami, bisa binciken malaman jami'ar Oxford da na Cranfield a Ingila. Wannan ya ƙara sauƙaƙa wa mai ciwon sukari huda yatsa a ɗakinsa ya san halin da yake ciki.

Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke da wannan ciwo. Shi ya sa awon sukari ya zama babbar kasuwar irin waɗannan na'urori, kuma a kansa ne masu bincike suka fi gwada sababbin ƙwayoyin nano. Wahalar ita ce ilaktiron ɗin da enzayim ya karɓo daga sukari yana binne can cikin jikinsa, da ƙyar yake isa ga ilaktirod. Ƙwayar zinariya ko siririn zaren gawayi yana iya kusantar wurin, ya zama gada.

GAWAYI MAI DARAJA

Zaren gawayin nan yana da tarihi. A 1991 wani masani ɗan Japan, Sumio Iijima, ya bayyana waɗansu bututu na kabon, watau asalin abin da ke cikin gawayi da bakin fensir, waɗanda kaurinsu bai wuce 'yan nanomita ba, ga ƙarfi, ga saurin ɗaukar lantarki. Zuwa 1996 an riga an gwada su a matsayin ilaktirod. Sa'an nan a 2004, a Jami'ar Manchester, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɗauki salatif suka riƙa manna shi a kan irin baƙin da ke cikin fensir suna ɓantarowa, har suka samu falle wanda babu abin da ya fi shi sirantaka. Aka sa masa suna girafin. Giram ɗaya nasa, in an shimfiɗa, fuskarsa ta kai murabba'in mita 2,600 da 'yan kai. An ba su lambar Nobel a watan Oktoba na 2010, daidai lokacin da ake fama da kankare ƙasa a ƙauyukan Zamfara.

Da waɗannan, da ƙwayoyin zinariya, da na wani ƙarfe mai suna bismut wanda Shaihun Malami Joseph Wang da abokan aikinsa suka nuna a shekarar 2000 cewa yana iya maye gurbin zaiba, masu bincike a jami'o'in duniya suna ta ƙera ma'aunai iri iri: na dalma da sauran ƙarafa masu guba cikin ruwan rijiya, na ragowar maganin ƙwari a jikin kayan lambu, na alamun cuta cikin jini, da fitsari, har da gumi. Ana buga su a kan roba ko takarda kamar yadda maɗaba'a ke buga wannan jarida, waɗansu ma ana jona su da wayar hannu.

BA A NAN GIZO KE SAƘA BA

Amma kada mai karatu ya ɗauka an gama. Mafi yawan waɗannan ma'aunai har yanzu ba su bar ɗakin gwaji ba, kuma akwai dalilai.

Na farko, ruwan gwaji na jami'a tsabtatacce ne, jini kuwa cike yake da maiƙo da sauran abubuwa masu danƙo waɗanda ke like fuskar ilaktirod su toshe ta. Ruwan kududdufi ma haka. Fuskar nan mai yawa da ke kamo abin da ake nema, ita ce kuma ke kamo abin da ba a nema.

Na biyu, ƙera ma'auni ɗaya mai kyau ba wuya, ƙera miliyan ɗaya masu ba da amsa iri ɗaya shi ne aiki. In ƙwayoyin wannan falle suka ɗara na wancan girma kaɗan, amsa ta bambanta.

Na uku, zafi. Yawancin fallayen awon sukari an rubuta a kwalinsu kada a ajiye su inda zafi ya wuce awo 30, alhali a watan Afrilu zafin Gusau ko Sakkwato yakan haura 40. Fallen da ya kwana biyu a shagon kwano ba lalle ne ya faɗi gaskiya ba.

Na huɗu, ko na'urar da ta daɗe a kasuwa tana iya kuskure. A watan Mayu na 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin LeadCare suna iya nuna dalma ƙasa da yadda take in an yi amfani da jinin da aka ɗebo daga jijiya, a 2021 kuma aka janye waɗansu kayan gwajin daga kasuwa saboda irin wannan matsala. Kuskuren da ke rage lamba ya fi wanda ke ƙara ta haɗari, domin zai sa a sallami yaro mai guba a ce lafiyarsa lau. Shi ya sa ƙaramar na'ura ba ta raba ƙasa da bukatar babban ɗakin gwaji mai tabbatar da amsa.

SAURAN AIKI NAMU NE

A shekarar 2022 ƙungiyar MSF ta miƙa aikin dalma na Zamfara ga hukumomin jiha. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019 saboda rashin tsaro, ta kuma ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Dutsen yana nan, talauci yana nan, zinariya ba ta daina tsada ba. Ba kuma mahaƙa kaɗai abin ya shafa ba. Kwallin dutse da iyaye mata ke ranɓaɗa wa jarirai, asalinsa dutsen dalma ne. Masu fasa tsohon batirin mota a bayan kasuwanninmu, daga Kano har Ikko, da dalma suke wasa, su kuma kwaso ƙurarta a tufafinsu zuwa gida. Yaron da gubar ba ta kashe ba tana iya dakushe masa ƙwaƙwalwa, a kai shi makaranta a ce daƙiƙi ne, alhali ba haka aka haife shi ba. Wannan lahani kuwa magani ba ya mayar da shi.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da gwamnatocin jihohin da ake haƙar zinariya su tanadi irin waɗannan na'urori a asibitocin karkara, tare da fallayensu, da wurin ajiya mai sanyi, da ma'aikatan da aka horar, a riƙa auna yara tun kafin a fara ƙirga kaburbura. Jami'o'inmu masu sassan ilmin haɗa sinadarai su kuma su dubi abin da ya faru a 2010 da idon basira: na'urar da aka ƙera domin wata ƙasa ta tsaya a 65, yaranmu suka wuce ta. Ma'aunin da zai jure zafinmu, ya ƙirga har inda gubarmu ta kai, kuma kuɗinsa ya yi daidai da aljihun Ƙaramar Hukuma, mu ne muka fi kowa bukatarsa, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake yoyo.

Su kuma magidanta, abin da ke hannunsu ba ya bukatar kwabo: kada a kawo dutsen ma'adini cikin gida, kada a niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi, a yi wanka a sake tufafi kafin a ɗauki yaro. In kuwa aka ga agwagi sun fara mutuwa a garin da ake dakan dutse, a garzaya da yara asibiti a ce a auna jininsu.